Daminar da Aka Rubuta Sunan Lawan

Bana ruwa ya yi mana rowa a farkon damina. An yi shuka, ta tsiro, sai sama ta ɗauke, yabanya ta riƙa lanƙwasa kai da rana tsaka. Ranar da hadari ya dawo ina zaune a rumfa ina tsinke zogale, jikata Ummi tana gefe ta kunna rediyo a wayarta. A jami'ar nan ta Wudil take karatu, in ba ta da aji takan zo ta wuni a wurina, ta ci tuwona tana kushe miyar.

A shirin ana maganar wata ƙasa ce can nesa, inda duk saurayin da ya tasa sai an rubuta sunansa saboda aikin soja, ko ana yaƙi ko ba a yi. Wai wasu a can sun kawo shawarar a daina, kada a rubuta kowa sai ƙasa ta shiga halin ta-ɓaci. Masu bugo waya suna ta tofa albarkacin bakinsu. Wani mai murya irin ta masu tallar magani a kasuwa ya ce mu ma nan ya kamata a rubuta samari kaf tun yanzu, ai rubutu ne kawai, ba ya cizo.

Sai na ajiye zogalen. Na ce wa Ummi ta rage muryar. Ta tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau, wannan maganar ce da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan suka haɗu suka tuna mini wata damina.

A lokacin ba a cikin gari muke ba. Wata 'yar unguwa ce a bayan Darki, gidaje kaɗan, kowa ya san abin da ke tukunyar kowa. Ban daɗe a gidan miji ba, ina goyon fari. Gidan daga ni sai maigidan, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da ƙanensa Lawan. Mahaifinsu ya rasu tun kafin a kawo ni, ya bar musu gonar gero da dawa da wata 'yar gayauna da Lawan yake shuka gyaɗa, da niyyar in an yi kaka ya nemi aure. Lawan dogo ne, mai ƙarar dariya. Bai taɓa shan furata bai ce ta yi tsami ba, kuma bai taɓa rage ko ɗigo ba. In ya kama kunya da fartanya, yayansa sai dai ya bi bayansa.

Ana yaƙin basasa a shekarar, amma mu a wurinmu labari ne da maza suke kawowa in sun dawo daga kasuwar Wudil ranar Juma'a. Sukan ce sun ga manyan motoci suna haye gada cike da samari suna waƙa. Waɗannan da ƙafarsu suka je, don ransu ya so, babu wanda ya ga laifinsu. Har a unguwarmu akwai wanda ya tafi haka, aka yi masa addu'a aka raka shi bakin hanya.

Mai unguwarmu ya tsufa, idonsa ya tafi, don haka komai yana hannun wakilinsa, wani Malam Tanko, wanda ya ɗan taɓa boko ya iya rubutu. Mutum ne mai cin goro ba hutawa, gefen bakinsa kullum ja, yana magana yana tsartar da tuƙa kusa da ƙafar mutane, ya goge leɓe da hannun riga. Da bazara, lokacin da zafi yake hana kaji kuka, ruwan randa ma ya koma kamar an ɗora a wuta, ya sa aka tara maza a gindin tsamiya. Ya ce daga sama aka ce a rubuta sunan duk wani mai ƙarfi a jika. Ya ce kada hankalin kowa ya tashi, ajiya ce kawai, ba za a kira kowa ba sai in abu ya ɓaci ƙwarai. Maigidan da Lawan suka dawo suna ba Inna labari, har Lawan yana kwaikwayon yadda Tanko yake lasar bakin fensir. Muka yi dariya. Washegari suka ci gaba da kai taki gona a kan jaki.

Ruwan shuka ya sauka da wata la'asar, da iska mai ƙarfi da ta kwashe mana dannin ɗakin girki. Da safe kowa ya fita. Maigidan yana sara da sungumi, Lawan da Inna suna bi suna jefa iri suna takewa da diddige. Ni a gida nake, na dama kunu na aika musu. Shuka ta kama da kyau, babu wanda ya yi ƙorafi. Ciyawa ma ta kama, don ruwan bai tsaya ba.

Daidai lokacin noman farko, wanda duk manomi ya san in ya kuɓuce masa shekarar ta kuɓuce, sai Tanko ya aiko. Wai duk wanda aka rubuta ya fito atisaye da sassafe, kuma kowa ya zo da fartanyarsa. Filin atisayen kuwa gonarsa ce, wadda ta miƙe tun daga bakin rafi har kan hanya. Ya ce soja sai da juriya, noma a jere shi ne farkon horo. Ya kuma bari aka ji, ba a bakinsa kai tsaye ba, cewa duk wanda bai zo ba sunansa ne zai hau sama ranar da aka nemi mutane.

Suka je. Wa zai ƙi? Da aka gama tasa aka koma ta surukinsa, da aka gama wannan aka koma wata da ya karɓa aro. Ba fura, ba tuwo, ba ko goro irin na gayya. Shi yana zaune a inuwa kan buzu yana tsartar da tuƙa. Maigidan da Lawan sukan dawo bayan azahar jikinsu ya yi laushi, su sha ruwa, su wuce tamu gonar su yi abin da ya samu kafin magariba. Ciyawar harƙiya ta riga su. Inna takan dawo daga leƙa gonar ta zauna, ba ta ko cire mayafi.

A cikin kwanakin nan ne muka fara ganin kaji da zabi suna shiga gidan Tanko ta ƙofar baya, wani lokaci har da ɗan akuya. Duk gidan da kaza ta fito, sai ka ji ɗansu ya kamu da ciwon da zai hana shi aikin soja. Wannan ba ya gani da kyau, wancan ƙirjinsa ne. Ɗan Tanko na cikinsa, Sabo, ƙato mai wuya kamar turmi, ya wayi gari da tsumma ɗaure a gwiwa yana ɗingishi. In ya bi ta ƙofar gidanmu nakan leƙa ta jikin zana, wataran ƙafar dama ce, wataran ta hagu. Mutanen Indabo, garin da ke kusa da mu, kuwa suna ba da labarin yadda yake kayar da maza a kokawa a dandalinsu.

Mu ba mu da abin kaiwa. Ko da muna da shi, Inna ta ce kazarta ba za ta taka wannan gidan ba.

Ranar da aka ce a koma gonar Tanko maimai, wato noma na biyu, alhali tamu ko noman farko ba a gama ba, Lawan ya je, ya tsaya a bakin gona, ya ajiye fartanya a ƙasa a gaban kowa. Waɗanda suke wurin sun ce bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, “In atisayen soja ne a kawo bindiga. In noma ne, ina da gonar ubana.” Ya ɗauki fartanyarsa ya juya. Babu wanda ya bi shi. Tanko kuwa murmushi kawai ya yi ya ɓare wani goron.

A wannan makon kurkunu ya fito wa maigidan a idon sawu. 'Yan yanzu ba su san shi ba, tunda ga rijiyoyin burtsatse ko'ina, Allah ya raba mu da shi. Wata tsutsa ce fara, doguwa kamar zare, da ake samu a ruwan kududdufi. Wurin yakan kumbura ya yi ƙuna kamar an ɗora garwashi, ya fashe, sai kanta ya leƙo. Kullum sai a naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke, a hankali, don in ta tsinke a ciki ƙafar ta lalace. Ni nake naɗe masa da safe, ina kau da kai saboda warin. Ko bayan gida sai da sanda yake zuwa. Aikin gona duka ya koma kan Lawan, shi kuwa ya duƙufa, tun asuba har duhu, har gero ya fara farfaɗowa ta gefen gabas.

Sai kira ya zo na gaske. Aka ce ana neman mutane daga kowace unguwa. Tanko ya zo gidanmu da hantsi, ana yayyafi, ya zauna a zaure ya ce a kira masa Inna. Ina tsaye a bayan ƙofa da yarinya a baya. Maigidan yana kwance a zauren da ƙafarsa a miƙe, ƙudaje suna bin tsumman, Tanko yana ganinsa. Aka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, ya tambayi mai jiki, bai bar ko ɗaya ba. Sannan ya gyara zama.

“Inna, don mutuncin marigayi na zo da kaina. 'Ya'yanki biyu duk suna ciki, amma ni ɗaya zan ɗauka. Na bar miki zaɓi.”

Ya faɗe shi ne da fuskar wanda ya kawo kyauta yana jiran godiya. Inna ta dube shi ta ce:

“Tanko, haihuwarsu na yi, ba kiwonsu na yi don kasuwa ba. Bakina ba zai ce wane ba.”

Lawan ya shigo daga gona a jiƙe, ashe ya ji komai daga waje. Ya jingine fartanya a bango ya ce, “Tashi ka tafi, Malam Tanko. Ni ne. Kai ma ka san ni ne tun kafin ka fito daga gida.”

Tanko ya tashi yana cewa Allah ya yi albarka, haka ake son yaro. Ya bar mana jan tofi a dokin ƙofa. Ni na kwashe shi da ƙasa.

Bayan kwana kaɗan suka tafi. Inna ta daka gero da ɗan barkono da ƙuli-ƙuli ta ɗaure masa a tsumma, daga cikin ɗan abin da ya rage mana. Ya leƙo ɗakin girki ya ce in kula masa da gyaɗarsa, kuma in koyi dama fura kafin ya dawo. Da shi aka tafi da ɗan wata bazawara da wani maraya da yake kiwon shanun mutane. Duk cikinsu babu wanda kaza ta fita daga gidansu. Sabo ya raka su bakin hanya da ɗingishinsa.

Ummi ta katse ni a nan, ta ce to ni wane ɓangare nake a gardamar rediyon. Na ce mata ni ban san dokar wata ƙasa ba. Abin da na gani shi ne, da ba a rubuta sunayen nan tun da bazara ba, da Tanko bai samu bulalar da ya kora samari gonarsa da ita ba, da gonarmu ta sha noma a kan kari. Masu cewa a bari sai ta ɓaci sun fi kusa da abin da idona ya gani. Amma ranar da ta ɓaci ɗin ma na gani, kuma fensirin yana hannun mutumin nan dai. Ta buɗe baki za ta yi musu, sai ta fasa, ta ce in ci gaba.

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa fita gona ba. Washegarin tafiyar Lawan, Inna ta miƙo mini fartanyarsa, maigidan ya juya fuska bango. Fartanyar ta yi mini nauyi, ƙotarta ta yi santsi saboda hannunsa. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo, kafin mako ya fashe ya koma kanta. Nakan kwantar da yarinya a gindin wata bishiyar ƙirya, in yi kunya ɗaya in dawo in kore mata tururuwa. Inna tana gabana, tsohuwa, bayanta a lanƙwashe, ba ta magana sai in ta ce in sha ruwa. Yanzu ina ganin yara suna goya tankin feshi, su zaga gona kafin hantsi ciyawa ta mutu. Mu da hannu muka bi ta, kuma ta fi mu sauri.

Hanyar gonarmu ta gefen ta Tanko take. Kullum safe sai mun wuce ta. Dawa ta yi baƙi-ƙirin don ƙoshi, kunyoyi tas kamar an share da tsintsiya, kuma na san hannun da ya yi wannan aikin. Inna takan ja mayafi ta rufe gefen fuskarta har mu wuce.

Da marka ta kankama, rumbu ya kai ƙasa. Na shiga da kaina na kankare gindinsa, abin da na samu rabinsa ƙasa ne da kashin ɓera. Ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, itace ya jiƙe, ɗaki ya ɗauki warin danshi, katangar bayan gida ta zube. Muka koma cin ganyen tafasa. A tafasa ta a matse a zuba ɗan gishiri, in an samu ƙuli a marmasa, in babu a ci haka. Rama, yaɗiya, zogale, duk abin da ya yi kore. Dusar da muke ba akuya muka dawo muna tankaɗewa muna dama kunu da ita, tsararo, kana ganin ƙasan ƙwarya. Cikina yakan yi ƙugi ina noma har in ji kunya ko da babu kowa. Ruwan nono ya janye, yarinya ta yi ta tsotsa tana saki tana kuka, wuyanta ya yi siriri. Inna takan ce ta ƙoshi ta tura mini nata kason, ni kuma in raba in kai wa maigidan, shi kuma ya ce ba ya jin ci. Haka ƙwarya ɗaya take zaga gidan ta dawo.

Gayya ta mutu a unguwar a shekarar. Samarin da suka rage tsoro ya hana su taka gonarmu, kada a ce suna tare da gidan Lawan. Tsofaffi ne kawai, abokan marigayi, suka zo mana wata safiya su kaɗan, suka yi abin da ƙarfinsu ya kai, suka ƙi shan ko ruwa don sun san halin da gidan yake ciki.

Ranar da gero ya fara nuna, Inna ta karyo tumu ta gasa a bakin murhu. Na murza a tafin hannu na hure na zuba a baki, zafi-zafi, da ƙaurin hayaƙi. Har yau ban ci abin da ya kai shi daɗi ba. Amma da aka zo girbi, abin da muka ɗaure bai kai rabin na shekarar da ta gabata ba. Gyaɗar Lawan kuwa ta yi, don ita na fi bi. Muka cire, muka shanya, Inna ta ce kada a taɓa ko ƙwaya, a ajiye masa.

Azumi ya zo a kan kaka a shekarar. Maigidan ya fara takawa, tsutsar ta fita amma ta bar masa ɗingishi na gaske wanda ya bi shi har kabari. A cikin azumin ne wani mutumin Indabo da aka sallamo saboda rauni a hannu ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ce tare suke da Lawan. Ya ce ba harsashi ba ne, zazzaɓi ne da gudawa suka kama shi a wani daji mai ruwa, bai daɗe ba. Ya ce yana cikin waɗanda suka yi masa sutura, kuma an yi masa salla. Inna ta yi salati, ta yi masa godiya, ta tambaye shi hannun nasa da sauƙi. Sai da ya tafi ta shiga ɗaki.

Bari in faɗa tun yanzu, babu abin da ya sami Tanko. Ya rayu ya tsufa, ya je Makka, ya aurar da jikoki, aka yi masa jana'iza da mutane da yawa. Sabo ya warke ranar da aka ce yaƙi ya ƙare.

Aka yi zaman makoki a ƙofar gida. Da yake azumi ne, masu zuwa da yamma sukan tsaya a sha ruwa tare. Na tuƙa tuwon sabon gero, wanda ni da Inna muka noma, na yi miyar kuka. Mafi kyawun akushi a gidan na marigayi mahaifinsu ne, baƙi, mai sheƙi, Inna ba ta bari a fitar da shi sai don babban baƙo. Ranar na zuba a ciki saboda liman. Ban san Tanko ya zo ba sai da na jiyo muryarsa ta kan katanga, ya zauna a gaba, ya jawo akushin gabansa.

Yana ci yana magana. Ya ce Lawan yaronsa ne, shi ya ga jarumta a tare da shi tun ba a gani ba. Ya ce, “Da hannuna na miƙa shi. Unguwar nan ta fita kunya, ko a gaban wa zan faɗa.” Ina jin ƙarar lasar yatsunsa. Ya yi gyatsa, ya ce tuwon ya yi daɗi, a tambayi masu gida ko akwai sauran miya. Maigidan ne ya taso da sandarsa ya shigo da akushin, ya ajiye a tsakar gida. An sharce shi tas, ga sawun yatsu a ciki, ga jan goro a bakinsa.

Na sunkuya zan ɗauka in kai wurin wanke-wanke. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, tun rasuwar ba ta yi wata doguwar magana ba.

“Kada ki haɗa shi da kayanmu,” in ji ta. “Kai shi masai ki jefa.”

Na ce, “Inna, na Baba ne fa.”

Ta ce ta sani.

Na ɗauka na zaga baya na jefa, na ji faɗuwarsa. Da na dawo yarinya tana kuka tana miƙo hannu, na nufe ta. Inna ta ce in tsaya, in ɗebo toka in wanke hannuna tukuna kafin in taɓa ta.